Tsohuwar Tarakta da Rabon Gandunmu

Na san abin da ake faɗa muku a gidan nan idan ba na kusa. Ana cewa tarakta ce ta raba gandunmu. Wai na sayar da san huɗa na kwaso tarkacen ƙarfe daga Daura, Baffanku Sale ya yi fushi ya ce a raba gona, ni kuma na yi wuf na kama ɓangare mai kyau. Har jikokina na ji suna maimaita labarin, su da ba su taɓa riƙe garma ba. To, akwai gaskiya a ciki, sai dai an yanke mata kai da ƙafa. Tun da Allah ya bar ni da raina da hankalina, ga yadda abin ya faru. Wanda ya ga kamar na ƙara gishiri ya je ya tambayi Innarku, ita ba ta taɓa rufa mini asiri a kan irin wannan ba.

Da Baba ya rasu ya bar mana gona ɗaya a yammacin ƙauyenmu na ƙasar Sandamu, ni da Yaya Sale. Ba mu raba ba. Gandu muka ci gaba da yi kamar yana nan: gona ɗaya, rumbu ɗaya, tukunya ɗaya. Innarku da Lami matar Yaya suna karɓa-karɓar girki, ku yara kuna cin tuwo a kwano guda kuna faɗa a kan nama. Shanun huɗa biyu gare mu, Fari na Yaya, Ja nawa. Yaya mutumin ƙasa ne, ba ya son magana, in ya ɗebi yashi a hannu ya murza zai gaya maka ko a yi shuka ko a dakata. Ni kuwa Allah ya halicce ni da wata cuta, ba na iya ganin abu a rufe in wuce ban buɗe ba. Tun ina yaro na kwance rediyon Baba don in ga masu maganar da ke ciki, na sha duka, washegari na kwance fitilarsa. Wannan cutar ce ta zama sana'ata da rani: gyaran keke, injin niƙa, injin ban-ruwa.

Gyaran injin niƙa ne ya kai ni cikin Daura a shekarar da ƙanwarku Hadiza take goye, gidan wata tsohuwa, Hajiya Asabe, wadda mijinta malamin gona ne kafin ya rasu. Na gama aiki na zagaya bayan ɗaki in wanke hannu, sai na ga wani abu a gindin bedi an jibga masa tsofaffin tabarmi. Na ɗaga tabarma ɗaya, kaza ta tashi fir ta bar ƙwai. Tarakta ce. Ba irin manyan nan na gwamnati da ake hawa kamar ana hawa soro ba. 'Yar ƙarama ce, tsayinta bai wuce na jaki ba, tayoyin baya manya, na gaba kamar na baro, duk sun rube sun zauna a ƙasa. Kujerarta ta ƙarfe ce mai huje-huje kamar matsamin ƙosai. A gefenta ga 'yan garmuna biyu da ake ɗaura mata a baya, tsatsa ta cinye bakinsu. Na kankare jikinta da farce na ga kore a ƙarƙashin datti. Ban san lokacin da na durƙusa na leƙa cikinta ba.

"Kai mai gyara, hannu ka je wankewa ko kwanciya?" in ji Hajiya daga bakin madafa.

"Hajiya, wannan fa, ta wa ce?"

"Ta kaji ce yanzu. Wani Bature ne ya zo da ita yana noman kayan lambu, tun ina amarya. Da zai koma ƙasarsu ya bar wa marigayi. Kullum zan gyara, zan gyara, har Allah ya karɓi abinsa. 'Yan gwangwan sun yi ta zarya, na hana, don na san sassara ta za su yi su ɗora a sikeli. In kai tashinta za ka yi, na sayar maka."

Na dawo gida ina tuƙa keke amma hankalina yana gindin bedin nan. Fiston ɗaya gare ta ko biyu? Me ya kashe ta? Ta ina mai yake bi? Ina shiga Innarku ta dube ni sau ɗaya ta ajiye tsintsiya.

"Malam, me ka gano kuma? Duk ranar da ka shigo da wannan fuskar, wani abu a gidan nan sai ya kwana a warwatse."

Na gaya mata. Ta ce da me zan saya, na ce da Ja. Ta ɗauki tsintsiyarta ta ce in je in faɗa wa Yaya da bakina, ita ba ruwanta. Na same shi bayan la'asar a ƙofar gida yana tufkar igiya. Na yi ta zuba bayani, yana tufka bai ɗago ba, sai da na gaji don kaina.

"Iro, Ja naka ne, ba ni da ikon hana ka. Amma ka san garmarmu ta shanu biyu ce. In ka sayar da shi, ka sayar har da aikin Fari."

"Yaya, idan ta tashi, abin da shanu ke yi a mako za ta yi shi a wuni."

"Idan ta tashi." Ya ɗaure bakin igiyar da haƙori. "To ga magana ɗaya, ba zan maimaita ba. In ta yi mana huɗar bana, na yarda, ni ma in sayar da Fari mu riƙa sai mata mai. In ba ta yi ba, da kaka mu raba gandu. Ba fushi ba ne. Ba zan iya ɗaura abincin 'ya'yana a kan son ganin ƙwaƙwaf ɗinka ba."

Ku lura da wannan, don a nan masu ba da labari suke kuskure. Ban sayar da Ja a ɓoye ba, kuma Yaya bai yi mini barazana ba. Sharaɗi ya gindaya, na ji da kunnena, na san abin da na sa a kan faifai, na kuma amsa. Ranar kasuwar Mai'aduwa na ja Ja na kai shi. Da na dawo da igiya a hannu Fari ya yi ta kuka a turke yana waiwayen ƙofa, abin ya taɓa ni fiye da yadda na zata. Amma kashegari da aka sauke tarakta daga amalanke a ƙofar gida, na manta da kukan sa.

Ranin nan kaf a ƙarƙashinta na yi shi. Injin ya cije, ko motsi ba ya yi. Na cire fulogi na ɗura kananzir, kullum da safe in ɗora guntun taɓarya a kan fiston in ɗan ƙwanƙwasa, in ƙara kananzir in tafi. Rannan ina ƙwanƙwasawa na ji ya sauka kaɗan, wallahi sai da na yi kabbara. Kafireta kuwa, inda mai ke bi ya shiga inji, zanzaro ya yi gini a ciki, ɗaki bisa ɗaki, sai da allura na rushe masa gari. Tankin mai tsatsa ta yi masa ɓawo ta ciki inda hannu ba ya kaiwa. Na zuba tsakuwa da kananzir na toshe baki, na ɗaure shi a bayan jakin da ke zuwa rijiya. Jaki na tafiya tsakuwa na wanki, gari duka na jin ƙaras-ƙaras, mata na dariya, amma tanki ya fito fes. Notinanta babu sifanar da ta yi musu daidai, wannan ta yi sako-sako, waccan ta ƙi shiga, sai Ɗanjuma maƙeri ne ya ƙera mini wadda ta kama. Shi ne kuma ya sake wa garmunan baki. Zobban fiston na samo daga wani mataccen injin ban-ruwa na goge su da magagari har suka zauna. Tayoyin baya ne suka fi ba ni wuya. Na duba Daura babu, sai wani ɗan kasuwa a Kongolam ya samo mini tsofaffi na kwance daga tsallaken iyaka, ɗaya ta fi ɗaya ƙiba kaɗan, shi ya sa har yau take tafiya da ɗan ɗingishi.

Abin da ba wanda ya gane shi ne, ba gyaran kaɗai nake jin daɗi ba. Hira nake yi da mutanen da ban taɓa gani ba. Wanda ya ƙera ta, ko wane ne, ya san wata rana wani zai buɗe, don ba noti ɗaya da ya ɓoye inda hannu ba zai kai ba. Akwai kuma wani da ya taɓa gyara ta kafin ni, ya ɗaure bututun mai da jar waya, kuma naɗin ta hagu ya bi. Bahago ne ke nan. Baturen ne, ko wani bakanike na Daura da ya daɗe a ƙasa? Na kan zauna da wayar nan a hannu ina tunaninsa har abinci ya huce. Ina kuma tunanin ƙasar da aka ƙera ta dominta, baƙa ce ko ja, laka ce ko yashi irin namu, me suke shukawa a can. Mutane kan taru a kaina kullum, kowa da shawararsa. Wani ya ce a zuba mata manja, wani ya ce aljanu ne suka zauna a ciki. Yara suka sa mata suna 'Yar Kore. Yaya kan wuce da Fari zuwa rijiya, ya yi sallama, ya dubi ƙarafan da na baje a tabarma, ya wuce.

Ba ta da makulli, wani lanƙwasasshen ƙarfe ake zurawa ta gaba a murɗa. Farkon murɗawa ta mayar mini da shi a tsintsiyar hannu, na yi kwanaki Innarku na gasa mini da ruwan zafi tana yi mini tsiya. Ranar da ta tashi da hantsi ne. Ta yi tari, ta yi shiru, ta sake tari, sai ta kama tat-tat-tat, hayaƙi baƙi ya turnuƙe ƙofar gida. Kaji suka watse, jaki ya tsinke igiya, liman ya fito da carbi a hannu yana tambayar lafiya. Ni dai ina tsaye ina dariya hawaye na zuba. Yaya ya zo ya tsaya ya saurara, ya daɗe, sannan ya ce:

"Ta tashi."

A wurin Yaya wannan kirari ne.

Ku da makaranta ta kai birni, bari in tuna muku yadda muke shuka. Mu nan ba ma jiran ruwa. Da hadari ya fara leƙowa ta gabas sai a yi binne: a sari busasshiyar ƙasa da sungumi, a zuba gero a rufe da diddige, a bar shi yana jiran ruwan fari. A gandunmu sara aikin Yaya ne shi kaɗai, mu sai bin bayansa da ƙoƙon iri. Yana tafiya sungumi na sauka, ba ya duban ƙasa ma. Sawun kunyoyin bara yake bi, na bara sun bi na bara waccan, haka har zuwa waɗanda Baba ya tayar. Faɗin da ke tsakanin layi da layi ba wanda ya taɓa aunawa, gado ne kawai. In layi ya iso gindin gawo sai ya karkata ya zagaye shi, na kusa da shi ma su bi. Haka Yaya ya yi binne a shekarar kamar kullum, ina bayansa ina zuba iri ina lissafin mai. Ruwa ya sauka da kyau, gero ya fito reras.

Ranar huɗa rabin gari ya biyo ni gona. Gero ya kai ƙauri, kore shar. Na daidaita tayar hagu a cikin kwarin da ke tsakanin layuka, na sauke garmuna, na sa giya. Ƙasa ta fara juyawa a bayana kamar ana yanka tuwo, ƙamshinta ya bugi hancina, na ji duniya ta yi mini daidai. Ban yi nisa ba na ji ihu ya fi ƙarar inji.

"Tsaya! Iro, tsaya!"

Na waiga. Tayar hagu tana cikin kwari, ba laifi. Ta dama kuwa a kan layin gero take tafiya, ta kwantar da shi, garmar da ke bayanta ta bi ta tumɓuke. Na ja baya na sa ta dama a kwari, sai ta hagu ta hau gero. Tsakanin tayoyinta layi ɗaya da rabi ne na sarar Yaya, duk yadda ka juya ta sai ƙafa ɗaya ta taka abinci. Na kashe inji. Ɗanjuma maƙeri ya cire hula ya sosa kai.

"Ashe duk ranin nan inji muke kallo, ba wanda ya dubi gona."

Gaskiya ya faɗa. Mu duka, har da Yaya da ya san gonar kamar tafin hannunsa, ba wanda ya kawo wannan a ransa, don a wurinmu faɗin layi ba abu ne da ake tambaya ba. Zan kuma gaya muku abin da ya fara zuwa zuciyata, ko da za ku ce tsohon nan ba shi da hankali. Mamaki ne. Ashe a ƙasar Baturen nan ba da faɗinmu suke shuka ba! Na yi ta tunanin launin ƙasarsu, ga amsar wata tambaya da ban yi ba a gabana. Na sauko na tsuguna ina auna tsakanin sawun taya da taƙi.

"Iro," in ji Yaya a hankali, "gero na kwance, kai kana awo?"

Na gwada abin da zan iya. Na juya tayoyin ciki ya koma waje, faɗi ya canza da 'yan yatsu kawai. Ɗanjuma ya ce in aka yanke sandar da ke riƙe su an kashe ta ke nan. Damina kuma ba ta jiran bakanike. Yaya ya haɗa Fari da san Malam Habu maƙwabcinmu, da sharaɗin a fara gama gonar Malam Habu. Kafin a iso tamu ciyawa ta ci ƙarfin gero. Can ɓangaren tudu na gonar da garmar hannu muka yi, ni da shi kafaɗa da kafaɗa, hannuna da ya saba da sifana ya yi ta fashewa. Daminar nan duka ko sau ɗaya bai ambaci tarakta ba, kuma shirun ya fi mini zagi nauyi. Da kaka rumbun da kan cika har a yi masa ƙari ya tsaya a ƙirji.

Na sa rai ko ya manta. Yaya ba ya mantuwa. Bayan an gama shigar da dammuna ya leƙo da safe ya ce in zo mu je gona. Yana riƙe da wani karan dawa, na ɗauka na korar awaki ne. Muka tsaya a gindin tsamiyar da ke tsakiya.

"Daga nan zuwa bakin gari naka ne. Daga nan zuwa tudu nawa."

"Haba Yaya! Bakin gari ne ke shan takin gida tun zamanin Baba. Kai ne babba, kai ke da yara da yawa. Ni ya kamata in hau tudu."

"Tudu gawo ne ko'ina, layuka duk sun karkace. Abarka ba ta iya zagaye itace. Nan ne shimfiɗe. Ka baje kunyoyin ka tayar da sababbi daidai ita." Ya miƙo mini karan. "Riƙe. Faɗin ƙafafunta ne, na auna kafin ka fito."

Na riƙe karan nan na yi kuka a gabansa kamar yaro. Na roƙe shi mu ƙara shekara ɗaya, ya ce ya faɗa tun farko ba zai maimaita ba, kuma gona ɗaya ba ta shukuwa da awo biyu. To kun ji yadda na sami ɓangare mai kyau. Ban kama ba, ba ni aka yi, kuma wanda ya ba ni ya san abin da ya bari.

Kada ku ce abin ya zo da sauƙi. Aka gina rumbu na biyu. Ranar da aka kafa murhu na biyu a tsakar gida, Innarku da Lami kowacce ta juya wa 'yar'uwarta baya tana hura wuta tana share ido, wai hayaƙi ne. Ku yara kuka yi ta yawo da kwano ba ku san inda za ku zauna ba. Innarku ta daɗe ba ta yi mini wata magana da ta wuce ga abinci ba. Kunyoyin da Baba ya tayar a bakin gari, ni da kaina na hau 'Yar Kore na baje su. Ta yi aiki daga baya, ta yi huɗa, ta ja amalanke, ta ciyar da ku har kuka yi karatu, kuma ban taɓa nadamar tashinta ba. Amma tukunya ɗayan nan ba ta dawo ba, kuma har yau ina kewarta.

Saura abu ɗaya da ba a faɗa muku. Da hadari ya leƙo a shekara ta gaba na ɗauki sungumi na tafi gonata, a nan na tuna ban taɓa sara ba a rayuwata. Na gwada layi ɗaya, ya tafi kamar sawun maciji. Ina tsaye ina duban ɓarnar da na yi sai na ji taku a bayana. Yaya ne da sunguminsa a kafaɗa, ko tasa gonar bai taɓa ba tukuna.

"Ina karan?"

"Yaya, ai mun raba."

"Gandu muka raba. Wa ya ce maka ka iya sara? Kawo karan, ɗauki iri."

Ya aza shi a ƙasa ya daidaita layi, yana mita wai wannan faɗi ɓarnar ƙasa ce, in tabbata na sa wake a tsakani. Ya sara, ina bin bayansa da ƙoƙo kamar yadda muka saba. Haka ya yi kowace shekara, tawa kafin tasa, har shekarar da ƙafa ta hana shi fita. Bai taɓa hawa taraktar ba, bai kuma taɓa barin ta shiga tudu ba.

Karan shi ne wanda ke soke a rufin zaure, wanda Hadiza ta so ta hura wuta da shi bara na yi mata tsawa kuka ce na fara rikicewa. Ku bar shi inda yake.